ITACEN UD: ƘANSHIN DA BA A YI MASA GAGGAWA



Yau zan yi magana a kan turaren ud, wanda maƙwabtanmu alhazai kan kawo tsaraba daga Makka. Da yawa suna tsammani a ƙasar Larabawa yake tsirowa. A'a. Itacensa, wanda masana ke kira Akwilariya, a dazuzzukan Asiya yake: Assam ta Indiya, Bangaladash, Biyetnam, Malesiya da Indunusiya. Fatake ne suka daɗe suna kai shi yamma. Masana Littafi da dama suna ganin shi ne turaren da Ibraniyawa ke kira ahalot, wanda aka ambata tare da mur a Zabura 45:8 da Waƙar Waƙoƙi 4:14.

Ga abin mamaki. Itacen nan, in yana da lafiya, fari ne, ba nauyi, ba ƙanshi. Sai ƙwaro ya huda shi, ko iska ta karya reshe, ruɓa ta shiga wurin, sa'an nan yake fitar da baƙin ƙaro domin ya tsare kansa. Ƙaron yana taruwa shekara da shekaru, har itacen ya yi nauyin da in aka jefa shi a ruwa sai ya nutse. Shi ya sa mutanen Sin suke kiransa turare mai nutsewa. Ana ɗora shi a kan garwashi a turara ɗaki da tufafi, ana tatsar mai daga cikinsa, masu maganin gargajiya kuma suna ba da shi don ciwon ciki.

To, a daji kaɗan ne daga cikin itatuwan suke da ƙaron, kuma da wuya a gane daga waje. Saboda kwaɗayin kuɗi, mutane suka yi ta sare su domin su duba ciki. Ɓarnar ta kai har a 1995 aka sa babban irinsa ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittun da ke neman ƙarewa, a 2004 aka amince a haɗa da sauran danginsa. Yanzu manoma suna shuka shi, su huda shi da kansu, amma su ma dole su jira.

'Yan'uwa, a nan nake so mu tsaya. A cikinmu akwai gwauraye, akwai waɗanda rikici ya raba da gonakinsu. Sau nawa muke cewa wa irin wannan, "Tashi ka ba da shaida, ai kuka ya isa haka"? Wannan halin mai gatari ne, wanda ke fasa itace yana neman turare kafin lokaci. Rauni shi kaɗai ba ya ƙanshi. Wani itacen ruɓewa yake yi ya faɗi. Wanda ya rayu, aka bar shi tsaye, shi ne ke yin ud.

Don haka dattawa, aikinmu shi ne mu riƙe mai rauni ya tsaya: mu ziyarce shi, mu kai hatsi, mu biya wa marayu kuɗin makaranta, mu saurara ba tare da tsawa ba. Shaida za ta zo a lokacin Allah.

Ubangiji ya ba mu haƙuri da juna. Amin.