Murya ma jari ce

Yau zancen murya za mu yi.

A Ingila an yi wasu makaɗan jita masu suna Led Zeppelin, mawaƙinsu Robert Plant. A watan Mayu na 1973 mutum 56,800 suka taru kallonsu a birnin Tampa na Amurka, a 1977 kuma sama da 76,000 a Pontiac. Kullum suna kan hanya, wasa ɗaya sai ya kai awa uku. To a wannan ganiyar ce muryar Plant ta fara gazawa. Sai da aka yi masa aiki a maƙogwaro, kuma rangadinsu na 1977 sai da aka ɗage shi kusan wata guda saboda maƙogwaronsa ya kumbura.

Me ya jawo? A cikin maƙogwaro akwai wasu siraran nama guda biyu, su ke kaɗawa murya ta fito. In aka matsa musu kullum ba hutu, sai su kumbura, har su yi kanta irin ta hannun manomi.

Yanzu ku dubi dabarar Tal National ta Yamai, wadda Almeida ya kafa a 2000. Suna waƙa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Buzanci. A da sukan yi wasa dare biyar a mako, kowane dare wajen awa biyar. Amma mawaƙansu da makaɗansu karɓa-karɓa suke yi, wannan ya sauka ya huta, wancan ya hau. Ai ku makiyaya kun fi kowa sani, ba a tatse saniya ƙarƙaf.

Kada ka ce wannan matsalar mawaƙa ce kawai. Kai mai kiran shanu, kai dillali a kara, kai ɗan kamasho a tasha, ke mai talla a kasuwar Nkololoun, da ladaninmu, duk da murya kuke neman abinci. Kuma lokacin da ciniki ya fi kankama, kamar jajibirin Babbar Salla, a nan aka fi yi mata illa.

Don haka ka riƙa shan ruwa a kai a kai. Ka nisanci sigari da hayaƙi, in ƙurar hunturu ta taso ka rufe hanci da baki. In murya ta dushe, ka yi shiru, kada ka koma raɗa, don ita ma tana wahalar da maƙogwaro. Ka sa ɗan'uwa ya karɓe ka. In ta wuce mako uku ba ta dawo ba, ka je wa likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.