Jawabi Kan Gina Gidaje a Bakin Hanyar Zobe

Maganar yau ta gidajen da ke bakin hanyar zobe ce, watau hanyar mota mai kewaye birni, kuma Faris ta ƙasar Faransa ta isa misali.

Faris ma ta taɓa yin ganuwa, wadda aka gina daga 1841 zuwa 1844. A bayanta aka bar fili mai faɗin mita 250, aka hana gini a cikinsa saboda yaƙi, amma talakawa suka cika shi da bukkokin katako. Daga 1919 aka shiga rushe ganuwar, aka jera benaye na jan bulo a gurbinta domin masu ƙaramin ƙarfi. Gidajen kuwa ba su da laifi, iska da haske suna shiga.

Sai a 1958 aka soma hanyar zobe a filin bukkokin nan, aka gama a 1973. Tsawonta kilomita 35, wajen mil 22 ke nan, motocin da ke binta kullum sun fi miliyan ɗaya. Wanda tagar ɗakinsa ke duban hanyar, in ya buɗe, ƙara da hayaƙi su hana shi barci, in ya rufe, da bazara zafi ya dame shi.

Hukuma ta yi ta gyara. Ta gina katangu masu tare ƙara. A Ƙofar Lila ta yi wa hanyar rufin kankare, ta dasa lambu a kai. Abin ya yi kyau, amma saboda tsada 'yan wurare kaɗan suka samu. Ta kuma rage gudun mota zuwa kilomita 70 a awa a 2014, sa'an nan 50 a 2024.

Abin da ya fi araha shi ne fasalin ginin tun daga tushe. Ofisoshi da kantuna su tsaya a bakin hanya su zama garkuwa. In gidan zama ne, matakala da madafa da makewayi su fuskanci hanya, ɗakunan kwana su dubi tsakar gida. Maginan ƙasar Hausa ba baƙin wannan dabara ba ne, gama zaure suke sawa a bakin hanya, ɗaki can ciki.

Hakimin da aka kawo wa maganar fili a bakin sabuwar hanya, kafin ya sa hannu, ya sa malaminsa ya rubuta tazarar da ke tsakanin ginin da kwalta, da kuma inda ɗakunan kwana za su duba.