Makaranta da Rigakafin Ciwon Damuwa a Tsakanin Matasa



Idan matashi ya daina walwala, ya rage cin abinci, barci ya ƙaurace masa, mukan ce miskilanci ne ko lalaci. Alhali kuwa sau da yawa ciwon damuwa ne ke cin sa a ɓoye. To, wace rawa makaranta za ta taka kafin abin ya yi nisa? Bari mu dubi gwaje-gwaje guda biyu.

A Birtaniya an gwada koya wa yara darasin natsar da zuciya a cikin aji, a wani bincike da ya haɗa makarantu 84. Da sakamakon ya fito a 2022, sai aka ga waɗanda suka sami darasin ba su fi sauran samun sauƙi ba.

A jihar Bihar ta Indiya kuwa, an sa wa makarantu mutum guda wanda ba ya koyarwa, aikinsa sauraren yara. Aka kafa akwatin koke da ƙungiyoyin ɗalibai. Rahoton 2018 ya nuna alamun damuwa da cin zali sun ragu. Amma inda aka ɗora wannan aiki a kan malamin aji, ba a ga canji ba.

Ashe ke nan ƙarin darasi ba shi ne magani ba. Abin da yaro ke bukata shi ne babba mai lokacinsa, wanda zai faɗa wa cikinsa ba tare da tsoron bulala ko tonon asiri ba.