Zakara ɗaya, kaji goma

Ƴan makarantar yaƙi da jahilci na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, barkanku da ƙoƙari. Hirarmu ta yau a kan zakara take.

Kaji su ne asusun talaka. In baƙo ya sauka, a yanka zakara. In yaro ba lafiya, a kai zakara kasuwa. To, amma zakaru nawa ya kamata ku bari cikin gida?

Ku rubuta wannan lissafi: zakara 1 ya ishi kaji 10. Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, sai dai ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa. Zakara ke sa ƙwai ya zama ɗan tsako, bayan kwanci na kwana 21. In zakaru sun yi yawa, sai faɗa. Su ji wa juna ciwo, su hana kaji sakat, su cinye dussa da hatsi. Wanda ya bar zakara 5 cikin kaji 10 yana ciyar da 4 a banza. Waɗannan ku ware su, ku ƙosar da su, ku sayar in salla ta matso, lokacin da suke tsada.

Wane za a bari? Yawancinmu babban muke sayarwa, mu bar ƙanƙane. Kuskure ne. Manomi ba ya cinye zangarniya mai kyau ya shuka maras kyau. Ku bar mai faɗin ƙirji, mai miƙaƙƙun ƙafafu, mai ido garau, mai zanko ja, mai kuzari.

Kada kuma ya daɗe. Ɗan tsako yana balaga cikin wata 5 zuwa 6. In zakara ya wuce shekara a gida, ƴaƴansa zai riƙa barbara. Jini ɗaya yana kawo baragurbi da ƴan tsaki marasa ƙwari. Saboda haka kowace shekara ku yi musanya da wani na wani gari, wanda kuka san kajinsa lafiya lau suke.

A nan sai ku yi hattara. Ni kaina na taɓa sayen wani jan zakara a kasuwa da ɗari, don ya yi araha. Ina zuwa gida na sake shi cikin kajina. Kafin mako ya zagayo, sai zawo kore, da shaƙewa, da murɗewar wuya. Cikin kaji 14, biyu suka rage mani. Na maƙwabta ma ba su tsira ba, har na ji kunyar fita.

Wannan annoba ba ta da magani, sai rigakafi. Baƙon zakara ku sa shi akurki dabam, da kaskon ruwansa dabam, mako 2 cur. In ya kwana lafiya har ƙarshe, a haɗa shi da saura. Da an gama kaka, kafin iskar hunturu ta taso, ku nemi ma'aikacin kiwo ya yi wa kaji duka rigakafi. Kazar da ta mutu a binne ta, kada a jefar a bayan gida.

Ana cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne. Amma rufe akurki da dare aikinmu ne.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya ƙirga kajinsa da zakarunsa, ya rubuta a littafinsa. Mai kaji 30, zakara nawa zai bari? Ku kawo wa malaminku amsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.