HAƘƘIN KAZA KAFIN WUƘA

Jawabin da wani dattijo daga cikin 'yan layin kaji ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya

 



Mun gode da aka ba mu wannan ɗan lokaci, mu masu sana'ar kaji. Da mai gabatarwa ya ce a kan kaza za a yi magana, mun hangi wasu suna murmushi. To, a yi haƙuri da mu, domin maganar nan ta shafi aljihunmu, ta shafi tukunyarku, ta kuma shafi abin da za a tambaye mu gobe ƙiyama.

Kowa zai tuna azumin shekarar 2024, wanda ya faɗo a tsakiyar bazara, daga watan Maris zuwa farkon Afrilu. Ista ta zo ranar 31 ga Maris, Ƙaramar Sallah kuma ranar 10 ga Afrilu, wato kasuwar kaji ta buɗe sau biyu a cikin kwana goma, ga kuma rana kamar za ta narka kwalta. Ana saura kwana biyu Sallah, mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi kaji 600 a wata gona da ke bayan Kuje. Mun yi da direba zai zo da asuba, bai iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Da muka ga lokaci ya ƙure, sai muka ce a matse su a tafi da su sawu ɗaya. Aka jera keji kan keji, aka ja tamfol aka rufe ruf, wai don kada rana ta dake su. A hanya taya ta yi faci, daga nan kuma aka shiga gosulo. Ba mu sauke kaya ba sai bayan azahar. Da aka kwance igiya, kaji 47 sun mutu, kusan dukansu daga kejin tsakiya, sauran kuwa baki buɗe, fukafukai a sake.

Asarar ta yi mana ciwo, amma ba ita ta kawo mu gabanku ba. Muna tsaye muna salati sai wani yaro daga cikin masu figa ya matso ya ce, "Alhaji, ai da ɗuminsu, a ɗora musu wuƙa mana, wa zai sani?" Mun tsawata masa, mun sa an kai su an binne. Amma jama'a, yaron nan ba a kansa ya ƙago maganar ba. A wani wuri ya ga an yi.

Kazar turawa ta nama, wadda muke kira buroila, ba ɗaya take da kazar Hausa da muka taso muna kora a tsakar gida ba. An ƙago irinta ne don ta yi nama da sauri, a mako shida zuwa takwas ta kai kilo biyu ko fiye, alhali zuciyarta da huhunta ba su girma daidai da wannan nauyi ba. Likitocin dabbobi sun bayyana mana cewa zafin jikin kaza shi kansa digiri 41 ne zuwa 42, kuma idan ta girma ta fi jin daɗin wurin da bai wuce digiri 24 ba. A Abuja kuwa, daga Fabrairu zuwa Afrilu, zafin rana tsaka yakan haura digiri 35, mutanen Gwagwalada ma sai su ce nasu ya fi. Bugu da ƙari, Allah bai yi kaza da zufa ba. Mu idan zafi ya dame mu sai gumi ya karyo, iska ta buga mu ji sanyi. Ita ba ta da hanyar fitar da zafi sai ta buɗe baki tana haki, ta ɗaga fukafukai. To, kazar da aka matse a keji, ina za ta ɗaga fiffike? Kowace tana hura wa 'yar'uwarta zafi da tururin numfashi, ta tsakiya ba iska ba mafita. Tamfol ɗin da muka rufa don tausayi shi ya mayar da motar tanderu.

Abin ya fi muni idan aka fara yayyafin farko, lokacin da iska ke yin nauyi da laima, domin haki ba ya sanyaya jiki sai iskar da ake shaƙa tana da bushewa. Shi ya sa muke jan kunnen masu kwara bokitin ruwa a kan keji alhali mota na tsaye a cikin rana. Idan mota na tafiya, ko akwai iska tana ratsawa, yayyafa ruwa yana taimako. Idan babu iska, turara su kawai aka yi.

Tun daga wannan rana muka canja tsari, kuma ba wani abu ne mai tsada ba. Ba ma ɗaukar kaji a bazara sai da dare ko kafin asuba, idan direba ya makara a bar shi sai gobe. Kejin da muke zuba goma sha biyu da hunturu, yanzu takwas muke sawa, ma'aunin shi ne kowace ta iya kwanciya a kan ƙirjinta ba tare da ta hau wata ba. Ana barin tazara tsakanin layin keji, a rufe sama kaɗai a bar gefe a buɗe. Mun sani tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ya zama, kowa yana so ya yi sawu ɗaya maimakon biyu. Mu ma haka muka lissafa. Kuɗin sawu na biyun da muka yi wa rowa bai kai kuɗin kaji goma ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a, wadda masu gona da mu 'yan kasuwa muka yi tarayya a cikinta, ta ɗura wa kaji abinci dab da lodi don su yi nauyi a sikeli ko a hannun mai saye. Narkar da abinci yana ƙara wa jiki zafi, kazar da ta ƙoshi ita ke fara faɗuwa. Wajen gyara kuma hanji ya fashe ya ɓata nama. Ƙa'idar da masana suka bayar ita ce a janye abinci awa takwas zuwa goma sha biyu kafin yanka, kada a wuce haka, amma ruwa ba a janye shi sai lokacin kamu. Mu a kasuwa sai muka juya abin, ga dusa a gaban kaza, mazubin ruwa kuwa ya bushe tun safe, ko kuma ruwan ya yi zafi a ƙarƙashin kwano har ba ta iya sha.

Iyayenmu mata da magidanta, ku ma da naku. Mutum ya sayi kaji uku a Wuse ko Utako, a ɗaure ƙafafu, a jefa a but ɗin mota a rufe, ya wuce sayen atamfa, daga nan ya kama hanyar Nyanya ko Kubwa da yamma. Wani kuma ya rataya su a kan babur kai a ƙasa. Kaza ba ta da tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki irin na ɗan Adam, saboda haka idan aka juya ta, kayan cikinta ne ke danne huhu. Ku sa kaza ta zama ƙarshen cefane, a ɗauke ta a tsaye an riƙe fukafukanta a jiki, ko a sa ta a kwali mai huda. Kuma kun sha kawo mana ƙara cewa naman ya yi fari fat, ya yi laushi, yana tsiyayar ruwa, an soya ya tsuke. Sau da yawa wahalar zafin da ta sha kafin yanka ce ta jawo haka.

Malamanmu na zaune, su gyara mana idan mun yi kuskure. A Islamiyya mun karanta hadisi na 17 a cikin Arba'una Hadisi ta Imamu Nawawi, wanda Shaddadu ɗan Ausi ya ruwaito, inda aka umarce mu da kyautatawa har a wajen yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. Mun kuma ji labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Kyanwa ɗaya ke nan. Mu kuwa ɗaruruwa muke tsarewa a kullum. Aya ta 3 a cikin Suratul Ma'ida ta haramta mushe da abin da ya shaƙe ya mutu kafin a riske shi da yanka, kuma wuƙar da aka ɗora bayan rai ya fita ba ta halatta komai. Haka nan jefa kaza a cikin duro na ruwan zafi tana sauran motsi, don ana sauri layi ya yi tsawo, malamai sun hana. Minti biyu ko uku ne fa kacal za a jira.

A garin nan da ya tara kowace ƙabila tun da gwamnati ta taso daga Legas a 1991, Bayarabe da Ibo da Gbagyi suna miƙa wa Bahaushe kaza su ce, "Malam, yanka mini," su juya baya ba tare da sun tsaya dubawa ba. Da wannan yarda muke ci, muke biyan haya, muke aika wa gida. Ranar da aka kama ɗan layinmu guda ɗaya da mushe a faranti, ba sunansa za a kira ba, Hausawa za a ce.

Don haka muna roƙon ƙungiya abu biyu. A taimaka mana da magana da shugabannin kasuwa a ba mu izinin ɗaga rumfar kaji a yi mata rufin zana a ƙarƙashin kwano, da wurin ajiye tankin ruwa a inuwa. Kuɗin aikin mu za mu tara, mun riga mun fara karo-karo. Na biyu, a ba mu dattawa biyu da malami ɗaya da za su riƙa zagaya wurin yanka, musamman a makon Sallah da Kirsimeti, duk kazar da ta mutu a ƙirga ta a gabansu a binne. Muna so a gama rumfar kafin hunturu ya wuce. Takardar sunayen waɗanda suka ba da nasu tana hannun ma'aji, mai son dubawa ya same shi bayan addu'a.