Abin da Yara Suka Yar, Shi Manya Ke Nema: Lacca Kan Kantin Tsofaffin Kayan Wasa



Da yawa daga cikinku karatu ko kwas zai kai ku Ingila ko Amurka ko Japan. A can, wata rana za ku gitta ta gaban wani ɗan kanti cike da tsofaffin kayan wasan yara, ku ga manyan mutane, wasu har da furfura, sun duƙufa suna duba 'yan mutum-mutumin roba kamar masu sayen zinariya. A birnin Tokyo ma akwai wani gini mai suna Nakano Broadway, inda irin waɗannan kantuna suke jere bene bisa bene. Abin da nake so mu duba yau shi ne abin da mai tara irin waɗannan jaruman roba yake nema idan ya shiga kantin, da kuma dalilin tsadarsu.

Da farko bari mu ji asalinsu. A cikin shekarar 1964 ne kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da wani sojan roba mai suna G.I. Joe, tsawonsa wajen inci 12, gaɓoɓinsa kuma suna lanƙwasuwa. Da yake sun san yara maza ba za su yarda a ce suna wasa da 'yar tsana ba, sai suka ƙi kiransa da wannan suna, suka ƙago masa wani mai ma'anar jarumi mai motsi. A 1966 kamfanin Palitoy ya fito da irinsa a Ingila da sunan Action Man.

Amma fa abin da ya fi cika waɗannan kantuna shi ne jaruman fim ɗin Star Wars. Fim ɗin ya fito a watan Mayu na 1977, ya sami karɓuwar da ba a zata ba, har Kirsimeti ta zo kamfanin Kenner bai gama ƙera ko ɗaya ba. Sai ya sayar wa iyaye kwali da takardar alkawarin za a aiko da jarumai huɗu ta gidan waya, watau cinikin biri a sama ke nan, aka kuwa saya. Daga 1978 zuwa 1985 an sayar da fiye da miliyan 300 na waɗannan ƙananan jarumai, waɗanda tsawonsu bai cika inci huɗu ba, kuɗin kowane kuwa bai kai dala uku ba a farkon fitowarsu.

To, idan mai tarawa ya shiga kanti, kaya kashi uku zai tarar. Akwai waɗanda aka zube cikin kwando, fenti ya goge, makamai sun ɓace. Waɗannan su ne masu araha. Akwai waɗanda aka yi wasa da su amma kayansu sun cika, an jera su cikin akwatin gilashi. Sa'an nan akwai waɗanda har yau suna manne a kwalinsu na asali, ba yaron da ya taɓa su. Waɗannan su ake ratayewa can bayan mai kanti, inda hannu ba ya kaiwa.

A nan ne ilimi yake aiki, domin kuwa rashin sani ya fi dare duhu. Gwani yakan juya jarumin ya duba bayan ƙafarsa, inda aka buga shekara da ƙasar da aka ƙera shi, galibi Hong Kong. Yakan duba ko farar roba ta koma rawaya saboda rana da zafi. Idan ƙaramin G.I. Joe ne irin na 1982, yakan gwada ƙugunsa, don akwai wani zoben roba a ciki da kan ruɓe, jiki ya rabu biyu. Makamai kuwa su ne suka fi yawan jabu. A dā akan jefa 'yar bindiga cikin ruwa, ta asali galibi ta taso, ta jabu ta nutse, amma daga baya masu jabun su ma suka koyi yin mai tasowa. Alal misali kuma, akwai wani ɗan gajeren jarumi mai suna Jawa, wanda aka fara fitowa da shi a 1978 da alkyabbar leda, ba da jimawa ba aka sauya ta da ta yadi. Da mai ledar ya yi tsada, sai maha'inta suka riƙa yanke alkyabbar wani jarumi, Obi-Wan Kenobi, suna ɗaura masa. Saboda irin wannan ne aka sami kamfanonin da aikinsu ke nan su tantance kaya, su ba shi maki, su rufe shi cikin akwati.

Yanzu sai mu zo ga maganar kuɗi. A 1979 Kenner ya yi niyyar fito da jarumi Boba Fett da roka mai harbuwa a bayansa, amma ya fasa bayan da wani yaro ya rasu sakamakon shaƙewa da ƙaramin makami na kayan wasan wani kamfani. Samfurori kaɗan ne suka tsira. A watan Mayu na 2024 aka yi gwanjon ɗaya kan dala 525,000, a watan Agusta kuma wani ya haura dala miliyan ɗaya da dubu ɗari uku.

Wanda ya ji haka zai ce ai ga hanyar arziki ta samu. To, a yi hattara. Tsofaffin jaruman sun yi daraja ne domin ba wanda ya ɗauke su bakin komai: yara sun yage kwalaye, sun karya ƙafafu, iyaye mata sun share sun zubar. A 1995 da aka sake fito da sababbin jaruman Star Wars, mutane sun riga sun ji labari, kowa ya saya ya ɓoye cikin kwali yana jiran ranar riba. Da yake kowa ya ajiye, akasarinsu ba su yi wata daraja ba, har yanzu su ne suke cunkushe a kantunan, ana neman mai saye da rahusa.

Saboda haka, 'yan'uwa, musamman ku da kuka fara karɓar albashi, shawarata uku ce. Ku yanke abin da za ku kashe tun kafin ku shiga ƙofa. Ku yi ta tambayar mai kanti, domin na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya, shi da kansa zai nuna muku inda aka gyara. Na uku kuwa, ku sayi abin da za ku ji daɗin kallonsa a ɗakinku ko da gobe kasuwarsa ta faɗi.

Wanda yake da tambaya, ga fili.