Kowa Ya San Awon Zuciyarsa: Jawabin Ƙaddamar da Tattakin Lafiya a Madarunfa

  

Masu girma wakilan hukuma, mai martaba sarki, Allah ya ja zamaninka, hakimai da masu unguwanni, malamanmu, Allah ya gafarta muku, ƴan'uwana ma'aikatan lafiya, iyayenmu maza da mata, matasan Madarunfa, da baƙinmu da suka yi sammako daga Maraɗi, Jiratawa, Safo, Gabi, Ɗan Isa da Sarkin Yamma:

Abin da ya tara mu yau shawara ce da mutanen garin nan suka yanke da kansu. Ƴan kasuwa da teloli da malaman makaranta da ma'aikata sun ce za su riƙa fita tattaki tare, su motsa jini kafin kowa ya kama sana'arsa. Sun nemi in faɗi wani abu kafin a fara, ni kuwa na zaɓi in yi magana a kan zuciya, domin ita ce za ta ɗauki nauyin wannan tafiya.

Na san akwai mai cewa a ransa: a gundumar da kowace shekara, in damina ta yi tsakiya, ɗakin yara na asibiti ke cika da masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro, har likitocin na gari na kowa suka shafe shekaru suna kama mana, wa ke da lokacin zancen rage ƙiba? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ta cancanci amsa. Matsalolin nan biyu yanzu gida ɗaya suke kwana. A gidan da ake kai yaro awo saboda rama, a nan za ka tarar da kaka mai ciwon suga, ko maigida mai hawan jini. Ranar da hawan jinin nan ya shanye wa maigida ɓarin jiki yana ɗan shekara 50, tukunyar gidan ce ke fara jin jiki, yaran ne kuma ke biyan kuɗin. Don haka kula da zuciyar babba yana cikin kula da cikin yaro.

Iyayenmu da ke nan sun ga lokacin da ake tafiya kasuwar Maraɗi ko ta Jibiya a ƙafa, ko a bi jaki da kaya. Har gobe manomin da ke duƙe da hauya tun hantsi, da masuncin da ke tuƙa jirgi a tafkin nan namu, da matar da ke jan guga tana daka da surfe, sun biya wa jikinsu haƙƙinsa tun kafin rana ta take. Su ba su da bukatar wa'azina. Da sauranmu nake: mai shagon da ke zaune daga safe zuwa magariba, telan da ke kan keke, ɗan kabu-kabun da ke zagaye gari yini guda ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba, da mu ma'aikata da ko masallacin unguwa sai mun tada babur.

Illar zama ba yau aka gano ta ba. A shekarar 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya fitar da binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin haya na birnin Landan, mutum wajen 31,000. Motocin masu hawa biyu ne. Direba na zaune duk yini, kwandasta kuwa na hawa yana sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma in ya kama su ya fi yi musu mugun kamu. Daga nan likitocin duniya suka fara ɗaukar motsa jiki a matsayin magani.

To, magani kuwa yana da awo. Wanda ya sha ƙasa da ƙima bai warke ba, wanda ya zarce ya jawo wa kansa wata cutar. Awon motsa jiki yana cikin bugun zuciya.

Wannan tsokar da ba ta fi dunƙulen hannunka ba tana bugawa wajen sau 100,000 a yini da kwana. Kana zaune tana tura jini kimanin lita 5 a minti ɗaya, in ka tashi gudu sai ta ninka haka sau huɗu ko fiye. Mutanen Jiratawa sun san injin ban-ruwa: in an ajiye shi ba a tayarwa, ya ci tsatsa, in an matsa masa wuta fiye da ƙarfinsa, ya ƙone, wanda ake tayarwa kullum a kan daidai shi ke kai shekaru yana ba da ruwa. Haka zuciya take, sai dai ita aikin ƙara mata ƙarfi yake yi.

Ina roƙon kowa, da izinin mai martaba, mu gwada yanzu. Ka buɗe tafin hannunka na hagu ya kalli sama. Ka ɗora yatsu biyu na dama, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannu, ƙasan gindin babban yatsa. Kada ka sa babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun, zai rikita maka lissafi. Danna a hankali. Ka ji wani abu na motsi ƙarƙashin fata? Shi ne. Wanda bai samu ba ya taɓa gefen maƙogwaro, gefe ɗaya kawai, ba da ƙarfi ba. Sai ka dubi agogo ko wayarka, ka ƙirga na daƙiƙa 15, abin da ka samu ka ninka shi sau huɗu. Wanda ya ƙirga 18, zuciyarsa na buga 72 a minti. Babban mutum da ke hutawa, tsakanin 60 da 100 ake sa ran samu. Wanda ya saba aikin ƙarfi yakan sauka ƙasa da 60 kuma lafiyarsa lau, don zuciyarsa na tura jini mai yawa a bugu ɗaya.

Yanzu sai iyaka. Kowace zuciya tana da ƙololuwar da ba ta iya wucewa, kuma wannan ƙololuwa tana raguwa da shekaru. Hanyar da aka fi sani ita ce ka cire shekarunka daga 220. Ɗan shekara 40, ƙololuwarsa 180 ke nan. Ba can ake so ya kai ba. Motsa jiki matsakaici yana tsakanin kashi 50 da kashi 70 cikin 100 na ƙololuwar, wato daga 90 zuwa 126 a minti. In ya tsaya a hanya ya ƙirga na daƙiƙa 15, ya nemi 23 zuwa 31. Dattijo ɗan shekara 60, ƙololuwarsa 160, awonsa 80 zuwa 112, wato 20 zuwa 28 a daƙiƙa 15. Saurayi ɗan 20 kuwa, 100 zuwa 140. Mai lafiya da ya riga ya saba yana iya hawa mataki na gaba, kashi 70 zuwa 85, wanda ga ɗan shekara 40 ya kama daga 126 zuwa 153.

Wannan lissafi kintace ne, mu riƙe shi a haka. Mutum biyu masu shekaru iri ɗaya suna iya bambanta da bugu 10 ko fiye. A 2001 wani masani mai suna Hirofumi Tanaka da abokan aikinsa a Amurka suka kawo wani lissafin da ya nuna cewa tsohuwar hanyar tana ɗan rage wa dattawa: a nasu, ɗan shekara 60 yana da 166. Saboda haka lamba jagora ce, jikinka kuma shi ne shaida.

Wanda lissafi ya dame shi, ko ba ya da agogo, ga hanya mai sauƙi, kuma ni na fi son ta. Kana tafiya, ka yi hira da na kusa da kai. In kana iya magana amma numfashi ba zai bar ka ka rera waƙa ba, kana kan daidai. In kana iya rera waƙa har da jan amshi, ƙara sauri, yawo kake yi. In kuwa ba ka iya haɗa kalma uku sai ka tsaya ka ja numfashi, ka shiga mataki mai tsanani, sabon shiga ya sassauta. Wannan ma na cikin amfanin tafiya a ƙungiya: abokin tafiyarka zai ji muryarka ta canza tun kafin kai ka lura.

Bari in zo kan tumbi, don na san shi ya kawo da yawa daga cikinmu. Akwai zancen da ke yawo a wayoyi cewa sai an tafi sannu-sannu kitse ke narkewa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: in aiki ya yi sauƙi, kaso mafi yawa na abin da jiki ke ƙonawa daga kitse yake fitowa. Amma abin da ke rage nauyi shi ne jimillar abin da ka ƙona a mako, a gwada da jimillar abin da ka ci. Mai kilo 70 da ya yi tafiyar sauri ta rabin awa ya ƙona kalori wajen 150. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da kusan 140. Kilo ɗaya na kitse kuwa ya kai kalori 7,700. Ku auna da kanku. Wanda ya dawo daga tattaki ya zauna a majalisa ya sha shayi na ɗaya da na biyu da na uku, kowanne sukari har ƙasan kofi, ya bi da fanke, zuciyarsa ta amfana, amma tumbinsa na nan inda ya bar shi. Ina faɗin haka ne don kada wani ya yi wata guda ya hau sikeli ya karaya.

Kuma ba sai mutum ya koma kamar sanda ba. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya bi mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo 6 ne da ɗan ɗoriya.

Minti 150 ɗin nan shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babban mutum da shi a ƙa'idojinta na 2020: minti 150 zuwa 300 na matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani. Rabin awa, kwana biyar. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti goma.

Matasa, ku ba ni kunnenku. Jiharmu jihar kokowa ce. Takobin farko da aka yi gasarsa a Tawa a 1975, ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango Kantu, ya ɗauko shi, kuma na san jinin nan na tafasa a jikinku. Ku yi gudu, ku yi atisaye, zuciyarku za ta ɗauka. Abu biyu nake roƙonku. Ku daina naɗe jiki da leda ko rigar sanyi a cikin rana wai don kitse ya fita. Zufa ruwa ce, da kun sha ruwa nauyin ya dawo, wahalar kuwa ƙoda da zuciya ke shan ta. Na biyu, in kuna tafiya da iyayenku kada ku ja su tsere. Bugu 150 wasa ne gare ku, ga ɗan shekara 60 kuwa ya kusa ƙololuwa.

Ƙasarmu tana da nata sharuɗɗan. A watannin Afrilu da Mayu zafi na haura 40, kuma zafi da ƙishirwa kan sa zuciya ta ƙara gudu ko da tafiyar ba ta canza ba. A fita bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, a riƙe gorar ruwa. Da azumi a bari sai an sha ruwa. Mai zazzaɓi ya kwanta ya sha magani, ba ranar tattaki ba ce. Mai ƙarancin jini, mai sikila, mai juna biyu, mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, da duk wanda aka taɓa ce masa zuciyarsa na da matsala, ya ga likita kafin ya fara. Masu shan maganin hawan jini irin su atenolol ko propranolol su sani cewa maganin da kansa yana rage bugun zuciya, don haka lambobin da na faɗa ba za su yi musu aiki ba. Su riƙe gwajin hira, kuma kada su ajiye maganinsu don sun fara tattaki. Wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko zafi na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko numfashi ya ƙi, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

Iyayena mata, ban manta da ku ba. Injin niƙa da famfo sun sauƙaƙa muku wahala, mun gode Allah, ba mai fatan a koma baya. Sai dai motsin da aikin ya tafi da shi dole a mayar da shi ta wata hanya. Ina roƙon magidanta su ba da izini, ina roƙon shugabannin wannan tafiya su ware wa mata lokacinsu da wurinsu cikin mutunci. Wadda ba ta fita, tsakar gida ta ishe ta zagaye, awon kuma ɗaya ne.

Ina roƙon malamanmu su taya mu da baki a masallatai, don kada dattijon da aka gani yana sauri da sassafe ya ji kunya. Ina roƙon ƴan'uwana ma'aikatan lafiya su riƙa zuwa da abin awon jini lokaci-lokaci, a gwada kowa, a rubuta masa awonsa a takarda ya sa a aljihu.

Da sunan Allah, da yardar mai martaba da hukuma, na ƙaddamar da wannan tattaki na lafiya. Kafin a watse, kowa ya tsaya wurin ma'aikatan lafiya a lissafa masa nasa awon. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya zaunar da Madarunfa da Nijar baki ɗaya lafiya, ya mai da baƙinmu gida lafiya.